Durgayya na Bayan Giwa

Idan ka shigo layinmu ka tambayi gidan Durgayya, sai mutane su tsaya suna kallon juna. Amma ka ce Gindin Giwa, ko yaron goye zai nuna maka ƙofar. Ni na raɗa masa sunan, kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba, abin da ya rage mini daɗin abin ke nan. Ni ne Khaja mai faci. Rumfata tana bakin layi, ɗakina da nasa bango ɗaya ya raba, bangon ma irin wanda idan ya yi tari ni nake cewa sannu.

Daga wani ƙauye ta wajen Jangaon ya zo Haidarabad, shekarar da damina ta ƙi, da bargo ɗaya da kwanon cin abinci. Lokacin ana gina babban wurin wasan nan na bayan gari, wanda mu nan Lambu kawai muke ce masa. Ya ɗauki siminti a ka har aka gama dutsen ƙarya da kogin ƙarya da fadar nan da gabanta zinariya, bayanta katako da ƙusa. Da za a sallami leburori, wani babba ya bi layi yana duba mutane kamar mai sayen sa a kasuwa. Ya zo kan Durgayya, gajere mai faɗin baya, ya ce masa ya sunkuya. Ya sunkuya. Aka bar shi haka, aka je aka sha shayi aka dawo, yana nan yadda aka bar shi. Ranar ya samu aiki.

Lambu yana da giwa ta soso da yadi, mai ƙararrawa a wuya, wadda take fita faretin la'asar yara suna ihu suna ja mata wutsiya. Mutum biyu ne a cikinta. Na gaba a tsaye yake, shi ke ɗauke da kai, shi ke kaɗa hanci, yana leƙen duniya ta wata 'yar raga a ƙarƙashin haure. Na baya a sunkuye yake, hannu biyu riƙe da bel ɗin na gaba, goshinsa a tsakiyar bayan mutum, ba abin da yake gani sai ƙasa da dugadugan abokinsa. Na gaba Yadagiri ne, dogo mai gashin baki kamar tsintsiya. Na baya maƙwabcina. Haka suka yi shekara ashirin da 'yan kai. Idan za a karya hagu, Yadagiri ya doka ƙafar hagu. Idan za a tsaya, ya sandare. Idan bayan Durgayya ya gaji, ya ja bel ɗin ƙasa, sai giwa ta durƙusa, yara su tafa, su ɗauka gaisuwa ce.

Da yamma bas ɗin ma'aikata yana sauke shi a gaban rumfata, ni kuwa ina nan ina jiransa.

"Anna, sannu da zuwa. Yau me Yadagiri ya ci da rana?"

Sai ya dubi ƙasa.

"Ina jin wake ne. Na ga idonka ya yi ja."

Ya yi wa takalminsa murmushi ya wuce. Anna muke ce wa wanda ya girme mu, kuma ya girme ni nesa, amma wannan bai taɓa hana ni ba.

Matarsa Balamani ita ce mai bakin gidan. Idan tana ciniki da mai tumatir, har masallacinmu ake ji. Suna da 'ya ɗaya, Swarupa, wadda aka aurar wa wani mai aikin masaƙa can Bhiwandi, tafiyar yini da kwana a jirgin ƙasa. Ciwon suga ya kwantar da Balamani, daga baya ya ɗauke ta. Sai ɗakin ya koma Durgayya, da tabarma, da murhun gas mai baki ɗaya, da hotonta a bango da furen da yake canzawa ran Juma'a. Ta bangon nan ina jin cokali, ina jin famfo, ba na jin murya.

Kowa a layin ya ɗauka mutumin rabin bebe ne. Ni ma haka na ɗauka, har wata rana da nake sunkuye a kan daron ruwa ina neman inda tayar wani babur ta huje. Sai na ji murya a bayana tana zuba kamar an kunna rediyo. Labarin san babansa mai ƙaho ɗaya da ya taɓa korar mai karɓar haraji. Labarin yaron da ya manna wa giwa cingam a wutsiya, aka kwana biyu ana goga kananzir. Yadda ake gane mutanen Bombay da takalmi, da yadda ake gane sababbin aure, don ƙafafunsu ba sa tafiya daidai. Na juyo in ga wane ne. Durgayya ne a kan bencina, kuma da idona ya faɗa cikin nasa, sai ya ɗauke ɗif kamar wutar unguwarmu. Na koma kan daro. Ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Na gwada shi sau ba adadi, don ni ba na ganin abin wasa in bar shi. In juyo, shiru. In juya, magana. Ashe mutumin nan bai iya yi wa fuska magana ba, sai baya. Nan na gane me ya sa Balamani take daɗewa a gaban murhu tana buga gurasar dawa ɗaya kamar ta ba ta haushi. Duk hirar aurensu a wurin aka yi ta.

"Anna," na ce, ina kallon ruwan daro, "to a cikin giwa fa? Ba an hana ku magana ba?"

"An hana giwa yi wa baƙi magana," in ji shi. "Ba a hana ni yi wa Yadagiri ba. A hankali nake yi."

"Kullum?"

"Kullum. Duk abin da ya same ni shi ya fara ji. Neman auren Swarupa, ciwon Balamani, ranar da likita ya ce mu koma gida. Mutum ne mai haƙuri, Khaja. Bai taɓa katse ni ba."

Gwiwoyin Yadagiri ne suka fara gajiya. Aka yi masa aiki, ɗansa mai aikin banki ya ɗauke shi ya kai bene can unguwar Uppal. Lambu kuma suka ga ba sai sun nemi wani dogon ba, suka sayo sabuwar giwa mai iska da batir, wadda yaro ɗaya yake shiga yana rawa da ita kamar buhu. Tsohuwar aka rataye a sito. Da a ce ba a yi sa'a ba, ranar za a ce wa Durgayya ya tafi gida.

Sa'ar ita ce Lambu sun fito da wata sabuwar sana'a a lokacin. Wai mutane sun gaji da ganin gaba, suna so su biya ƙarin kuɗi a zaga da su baya, su ga inda ake wankin kayan wasa, da inda ake gyaran lilo, da ramin da ma'aikata suke bi ta ƙarƙashin ƙasa, da ɗakin da ake ajiye kawunan dabbobi a jere a kan kanta. Ni dai ban taɓa jin wanda ya biya don ya ga bayan rumfata ba, amma masu kuɗi da nasu. Wadda aka ba sashen, Madam Harika, yarinya ce sa'ar Swarupa, mai kirki, mai tafiya kamar ana bin ta. Ta ce wa zai san bayan Lambu kamar wanda ya ɗauki simintinsa? Ta ba Durgayya riga ruwan ɗorawa, da 'yar tuta a kan sanda, da ƙaramar lasifika ta ɗaurawa a ƙugu. Aikinsa ya shiga gaba, ya tsaya a kowane wuri, ya juyo ya yi bayani.

Ranar da ya dawo da rigar na kusa faɗawa cikin daro don dariya.

"Gindi ya zama kai. Anna, duniya ta zo ƙarshe."

Ya zauna a bayana bai yi dariya ba. Can ya ce, "In ban iya ba gida za su ce in zo."

"To ka zo mana. Ka huta. Bayanka ya miƙe ko sau ɗaya kafin ka mutu a ƙona gawar irin na addininku."

"In zo in yi me? Ka san abin da ke cikin ɗakin nan. A Lambu ko ba komai akwai ƙafafun mutane."

Sai na ƙara wa tayar iska.

Yadda ya riƙa yin aikin, direban bas ɗinsu ne yake kawo mini rahoto. Baƙi su taru a ƙofar baya, fuska ashirin, duk a kansa, wasu da waya a ɗage. Durgayya ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Sai ya kaɗa musu tuta alamar su wuce. Su wuce. Da ya ga ƙeyoyi, sai lasifika ta kama aiki. Ya gaya musu yadda ake gwada sabon lilo da buhunan yashi kafin a ɗora ɗan mutum. Ya gaya musu ruwan kogin ƙarya tun daminar bara yake zagayawa, kada wanda ya wanke fuska. Ya gaya musu wanda yake cikin rigar gimbiya a faretin jiya kakan wasu ne. Mutane suna dariya har suna riƙe juna, amma duk wanda ya waiwayo, maganar ta yanke, har suka koyi kada su waiwaya.

Damuwar ita ce ayarin ba shi da kai. Duk wanda ya fi sauri shi ne ja-gora. Wani ayari ya ƙare a gidan janareta. Wani ya shiga kicin, mata suka tsaya suna gyara wa masu dafuwa yadda ake sa tsamiya. Madam Harika ta yi ta haƙuri, don a waya baƙi suna yabon tsohon nan mai labari.

Sai ranar koriyar ƙofa. Akwai ɗakin da masu shiga rigunan dabbobi suke hutawa, yana da ƙofa biyu, ɗaya ta baya, ɗaya koriya mai buɗewa kai tsaye cikin babban titin Lambu. A wannan sana'a ba laifin da ya kai yaro ya ga dabba ba kai. Ranar wani ƙaton ɗan kasuwa ne a gaban ayari, Durgayya yana can baya yana labarin wutsiya. Mutumin ya ratsa ɗakin, ya tura koriyar ƙofa, ya kuma tsaya ya riƙe ta don iyalinsa su wuce, shi mai ladabi. A waje yaran wata makaranta ne a layi suna jiran hoto. Suka ga zomo da kan wani mai sanƙo yana zuƙar taba. Suka ga damisa ta tsoma hannu cikin shinkafa da miya, kanta yana gefe a kan kujera yana murmushi shi kaɗai. An ce kukan har wajen ajiye motoci.

Madam Harika ta kira shi ofis. Ba ta yi faɗa ba.

"Babai," ta ce, don kamar ƙanen uba take ɗaukarsa, "na kare ka iya ƙarfina. Ran Asabar zan bi zagayen da kaina. Ka shiga gaba, ka dube su, ka yi magana. In ya yiwu, shi ke nan. In bai yiwu ba, ba ni da abin da zan gaya wa na sama."

Muka shiga horo. Na jera tsofaffin tayoyi a jikin bango na zana musu ido da alli. Ya yi musu bayani tiryan-tiryan, har da barkwanci. Na ce to, a gwada da masu rai. Na tara mai ayaba da mai guga da matata, na ce su zuba masa ido. Ya dube su, ya dubi tuta. Mai ayaba ta ce ita tana da abin yi. Na sa masa baƙin tabarau na mai walda, ya ce yanzu ba ya ganin fuska, amma ya san suna nan.

Shi ya kawo maganar Yadagiri.

"Da zai zo ya shiga gaba," in ji shi a bayana, "ko a keken guragu ne. Ni in tura shi. Madam ta ce in shiga gaba, ai a gaba nake, shi kaɗai ne a gabana."

"Ka kira shi mana."

"Ba ni da lambarsa."

"Shekara ashirin kana shaƙar mutum, ba ka da lambarsa?"

"Me zan yi da ita? Kullum yana nan."

Ran Laraba na rufe rumfa da hantsi na goya shi a babur ɗina muka tafi Uppal. A hanya bakinsa bai huta ba, don babur wuri ne da aka yi domin irinsa. Ya saya wa Yadagiri ayaba da kwalin alewar madara. Benen hawa biyar ne, muka same shi a kujera mai laushi, ƙafa a kan matashi, talabijin yana ta yi. Gashin bakin ya yi fari. Ya yi murna, ya ce, "Durga, kai ne? Zauna, zauna." Surukarsa ta zaunar da Durgayya a kujerar da take kallon tasa daidai, ta kawo shayi.

Suka zauna fuska da fuska. Yadagiri ya tambayi Lambu, Durgayya ya gyaɗa kai. Ya tambayi Swarupa, ya sake gyaɗawa. Daga nan duka biyun suka koma kallon talabijin, inda wata mata take tallar sabulu. Na ga in ban sa baki ba a nan za mu tsufa.

"Yadagiri Anna, kai kam ka sha labari. Ni shekara kaɗan na yi ina ji, kunnena har ya fara tsayi. Kai yaya ka yi da shekara ashirin?"

"Wane labari?"

"Na wannan mana. A cikin giwa."

Ya dubi Durgayya, ya dube ni, ya yi dariya. "Wannan? Wannan da ko gaisuwa sai an roƙa?"

"Ya ce kullum yana yi maka hira a ciki."

"A ciki?" Ya ajiye kofi. "Khaja, ka taɓa sa kan giwar nan? Akwai fanka a ciki, nan daidai saman kunne, don kada mutum ya suma. Ƙararta kamar injin niƙa. Tun shekarar farko nake toshe kunne da auduga. Ko ganga ba na ji sosai, da ƙafa nake jin ta." Ya juya wajen Durgayya. "Magana kake yi, Durga? Ina jin ɗumi a bayana, na ɗauka haki ne. Har tausayinka nake ji, in ce mutumin nan ƙirjinsa ba lafiya."

Durgayya ya zuba shayinsa a faranti yana hurawa.

"Kai, amma ka ban dariya," in ji Yadagiri. "Ni kuwa har na riƙe ka a zuciya. Da matarka ta rasu, a bakin mai gadi na ji. Na ce shekara nawa muna riga ɗaya, mutumin nan ko ya ce mini tana ciwo."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Ya ma miƙo hannu ya daki gwiwar Durgayya irin ta abokai. Durgayya ya shanye shayin, ya ce wa ƙafar surukar ya yi daɗi. Maganar Asabar ba ta taso ba. Da muka fito Yadagiri yana cewa mu riƙa zuwa, kaɗaici yana damunsa, yara duk suna wurin aiki.

A hanyar dawowa yana bayana, goshinsa kusa da kafaɗata, daga Uppal har layinmu. Na ja shi da zancen san babansa, na zagi wani mai mota don ya tanka, na ce gashin bakin Yadagiri ya koma na tsohuwar kyanwa. Ko uhum.

Ran Asabar na sa rigar Sallah na bi shi Lambu na sayi tikitin zagayen. Matata ta ce na haukace, da ta ji kuɗin kuma ta ce a'a, na wuce nan. Mu kusan ashirin ne a ƙofar baya, da iyalai, da wasu 'yan jami'a, da wata tsohuwa mai sanda. Madam Harika tana gefe ta harɗe hannu. Durgayya ya tsaya a gaba, rigarsa ta sha guga. Ya ɗaga kai ya dube mu.

"Barkanku da zuwa," ya ce. "Ba a ɗaukar hoto a ɗakin kawuna."

Wannan ya haddace, kuma ya fito. Muka jira na gaba. Lasifika tana ta huci. Wani ɗan jami'a ya ce, "Kaka, batir ne ya ƙare?" Aka yi dariya. Madam ta dubi ƙasa.

Sai na ratsa mutane na je na tsaya a gabansa na ba shi baya, na kamo hannunsa na ɗora a kan bel ɗina.

"Anna, ni ban san hanya ba. In ka bar ni, koriyar ƙofa zan nufa."

Na ji yatsunsa sun kama bel ɗin. Ya ɗan tura ni, na taka. Ya ja ta hagu, na karya hagu. Mutane suka biyo mu, sun ɗauka cikin wasan ne. Muka gangara ramin ƙarƙashin ƙasa, inda bututu suke bin rufi, ana jin gudun lilo da ihun mutane a saman kanmu. Muka kai tsakiya. Can na ji shi, ba ta lasifika ba, a hankali, a tsakiyar bayana.

"Khaja, kana ji?"

"Ina ji."

Ya yi 'yan taku. "Kana ji da gaske?"

"Anna, kunnena ba auduga sai datti. Yi maganarka."

Sai ya fara. Ya ce wannan ramin su suka haƙa, kuma akwai inda ya sa tafin hannunsa a siminti yana ɗanye, ga shi can ƙasa kusa da bututu, kowa ya sunkuya ya gani. A wurin wanki ya ce rigar biri ta fi kowace wari, don masu shigarta samari ne. A wurin gyara ya nuna lemon tsamin da makanikai suke sa wa sabon lilo a ƙarƙashin taya, ya ce injiniya yana duba nasa, lemo yana duba nasa, shi dai bai san wanne yake riƙe da mutane a sama ba. Tsohuwar mai sanda ta yi dariya har ta nemi wurin zama. Amma duk bayan 'yan jimloli sai ya sauke murya ya ce, "Kana ji?" In ce ina ji. Da na yi jinkirin amsawa sau ɗaya don ina kallon kan zaki, sai na ji ya tsaya cak, bel ɗina ya ɗaure.

A sito tsohuwar giwa tana rataye a ƙugiya, ƙafafu huɗu suna lilo, hancin a naɗe da igiya. Wata mata ta ce ta tuna ta, tana yarinya ta ja mata wutsiya. Ta tambaya ko wa yake ciki.

"Mutum biyu ne," in ji Durgayya. Ya tura ni muka wuce.

Da aka gama, baƙi suka tafa, wasu suka ɗauki hoto da mu a haka, ni a gaba shi a baya. Madam Harika ta jira suka watse.

"Babai, ban taɓa jin zagaye mai daɗin wannan ba," ta ce. "Amma riga ɗaya aka ba ni, ta mutum ɗaya. Gobe wannan bawan Allah yana wurin tayoyinsa."

Na ce zan riƙa zuwa Asabar da Lahadi, ba sai an biya ni ba, a dai bar ni in hau lilo. Ta ce wanda ba ma'aikaci ba ba ya jan mutane a wurin injuna, in wani abu ya faru ita za a kama. Na ce to a haɗa shi da wani yaro cikin ma'aikata. Ta ce ta roƙa tun kafin ranar koriyar ƙofa, an ce ba a biyan mutum biyu a aikin mutum ɗaya, shi ya sa ma aka sauke waccan giwar. Ta ce ta duba ƙofar shiga, ta duba wurin tikiti, ko'ina sai an dubi mutane. Idonta ya kawo ruwa. Durgayya ya kwance lasifikar daga ƙugunsa, ya naɗe wayar da kyau, ya miƙa mata da tutar.

Ƙarshen wata suka yi masa taro a kantin ma'aikata. Aka yafa masa mayafin girmamawa, aka rataya masa fure, aka raba alewa. Wani babba da bai taɓa ganinsa ba ya yi jawabi ya kira shi Durgesh. Aka ce ya ce wani abu. Ya haɗa hannu ya sunkuyar da kai, aka tafa.

Bayan nan ya kan fito da safe ya zauna a bencina, amma hirar ta ragu, kuma wani lokaci sai ya yanke a tsakiya ya tashi ya shiga ɗaki. Ya daina canza furen hoton. Da na ga kwanon shinkafar da matata take aika masa yana dawowa kusan yadda ya tafi, sai na kira Swarupa. Ta zo da mijinta kafin damina, suka ɗaure tabarma da murhu da hoton, suka tafi da shi Bhiwandi. Na raka su tasha. Na ce masa ya yi hankali, can ba giwaye, kada ya ga mutum dogo ya kama masa bel. Ya yi wa takalmina murmushi.

Kwanan baya Swarupa ta kira ni. Chicha take ce mini, wato baffa.

"Chicha, baba ba ya magana. Na sa yara su zauna a gabansa su yi masa hira, ni ma in na gama aiki sai in zauna in dube shi in ce baba me ke damunka. Sai ya yi ta kallon ƙasa. Ko mu kai shi asibiti?"

"Kada ki kai shi ko'ina. Ki juya masa baya."

"Me?"

"Ki ba shi baya, ki kama wani aiki, wanke-wanke ko tsintar shinkafa. Kada ki waiwaya. In ya tambaye ki ko kina ji, ki amsa da wuri."

Ta yi tsaki irin na uwarta. "Chicha, kai har yanzu ba ka daina ba? Ina gaya maka mahaifina ba lafiya, kana cewa in juya masa baya. Sai an jima, injin mijina ya tsaya, ana kirana."

Na sake kira da yamma, ba ta ɗauka ba. Ɗakin nasa yanzu wasu samari uku ne masu kai abinci a babur suka kama. Suna da rediyo, suna da baki, kuma ba wanda ya iya ɗaukar wasa a cikinsu.